Baƙon da Ya Samu Laima

Ranar Sallah da la'asar, babban titin Nima a birnin Ankara na ƙasar Gana yakan gagari mota. Dawaki ne da laimomi da jama'a maƙil. Ga Sarkin Zabarmawa da mutanensa, ga na Mosawa, ga na Kotokoli da na Wangarawa, ga Fulani, ga Yarbawa, ga Dagwambawa da gangunansu na hammata, kowace tawaga da irin naɗin rawaninta da irin kiɗanta. Mata sun sha anko, yara sun ɗare katanga suna leƙe, ƴan jarida da ƴan siyasa suna kutsawa don a gan su kusa da sarakuna. Kafin a kira magariba hotunan sun tsallake Togo da Benin sun sauka a wayar wani saurayi a Tibiri, shi kuma ya miƙa wa kakansa da ke zaune kan buzu a ƙofar gida.

Dattijo yakan daɗe yana kallo. In yana cikin waɗanda suka yi dako a kasuwannin Ankara ko Kumasi a shekarun 1960, to ya san titin, ya san lungunan da ke bayansa, ya kuma san wata rana a ƙarshen 1969 da aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya tattara nasa ya nasa. Abin da kan fito daga bakinsa bai wuce, "Ikon Allah! Yau baƙo ne da laima a Ankara?" Tsakanin waccan rana da wannan hoto akwai shekara hamsin da ɗoriya, kuma mutanen Tibiri suna da nasu kaso a cikin abin da ya gudana.

Tibirin nan ba ta Gobir ba ce da ke kusa da Maraɗi. Wannan ta Arewa ce, ƙasar Arawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri, a jihar Doso, cikin kwarin Dallol Mawri, ba nisa da iyakar jihar Kabi ta Najeriya. Har zuwa 2011 tana ƙarƙashin Dogon Dutsi, sannan aka yanke ta ta zama gunduma ta kanta, tare da Gesheme da Dumega da Kore Mairuwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum wajen 270,000 a gundumar, akasarinsu manoman hatsi da wake da gujiya. Ba birni ba ce, ba kuma wanda zai kira ta matattarar baƙi. Amma duk wanda ya zauna da masu tarihin ƙasar zai ji cewa Arewa kanta da baƙi aka gina ta, ayari bayan ayari.

Tarihin baka yana cewa Sarauniya daga Daura ta taso, ta yi ta tafiya har ta sauka a Lugu, inda dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa shari'ar da ta gagari mutane. Mutanenta da na Baura na Bagaji su ne Gubawa, ƴan ƙasa, masu riƙe da alƙawarin da ke tsakanin ɗan Adam da daji da rijiya. Daga baya wani ɗan sarkin Barno ya biyo ta nan da rundunarsa, aka ba shi ɗiya a Bagaji, ta haifi Akazama, wanda sarautar Arewa ta faro daga kansa. Rabon da aka yi a lokacin shi ne abin dubawa. Ba a kori baƙo ba, shi ma bai tumɓuke wanda ya tarar ba. Ƙasa ta zauna a hannun wanda ya riga zuwa, doki da takobi da rawani suka koma hannun wanda ya zo daga baya, kuma sarki bai cika sarki ba sai ƴan ƙasa sun sa masa albarka. Bafaranshen nan Marc-Henri Piault, wanda ya fitar da littafi kan tarihin Arawa a 1970, ya tsaya sosai a kan wannan rabo, domin shi ne ginshiƙin zaman.

Ko a fagen fama haka aka yi. Bayan Yakubu Nabame na Kabi ya ɗaga tutar tawaye ga Gwandu a 1849, Samna Karhe na Tibiri ya shiga yaƙe-yaƙen da suka biyo baya a sahu ɗaya da Kabawa da Zabarmawa irin su Dauda Bugaran da Isa Korombe, alhali harshensu daban, tsagarsu daban. Har yau Samna ake ce wa sarkin Tibiri. Fulanin da aka gwabza da sarakunansu kuwa, taubasan Arawa ne. Bafulatana mai tallar nono za ta shigo gari, Ba'are ya tare ta da, "Ke baiwata, kawo hurar ubangidanki," ita kuma ta mayar masa da wadda ta fi tasa zafi, a yi dariya, a yi ciniki. Hukumar UNESCO ta sa wannan wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014, amma tun kafin a san da ita wasan yana raba faɗan da alƙali zai kwana yana fama da shi, don taubashi ba a yi masa fushi, kuma in ya sa baki a rigima ana jin kunyarsa.

Hatta bori, wanda yau ya ja baya ƙwarai a gaban makarantun addini, ya ajiye shaidar wannan hali. A cikin iskokin da ƴan borin Arewa suka sani akwai Fulani, akwai Buzaye, akwai Zabarmawa, har da Babule masu kwaikwayon sojan Bature, waɗanda suka ɓulla a ƙasar Kurfai wajen 1925 suka bazu zuwa Arewa. Duk wanda ya taɓa ratsa ƙasar, da alheri ko da bulala, an ba shi mazauni a cikin tunanin mutanenta.

Da wannan tarbiyya ɗan Arewa ya kama hanyar Kurmi, kuma hanyar ta girmi Bature. Fataken goro daga Kano da Sakkwato sukan ratsa Kabi da Dandi, su ƙetare Kwara, su bi ta Jugu da Sansanin Mango har Salaga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fata, su dawo da goron Asante. Duk inda ayari ya saba kwana ana kiransa zango, kuma daga nan unguwannin baƙi na Gana da Togo da Benin suka samo sunansu. Malamai suka bi sawun fatake. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi, can ya rasu a 1934, almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar.

Zuwan Turawa ya mayar da tafiyar neman riba ta zama ta neman tsira. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu bayan Sarauniyar wannan lokaci ta ƙi miƙa wuya. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa ta sa yawancin Arewa cikin rabon Ingila, saboda da'irar mil 100 da aka zana kewaye da Sakkwato, sannan gyaran iyaka na 1904 da 1906 ya mayar da ita hannun Faransa. Mutum yana duƙe a gonarsa aka canza masa mai mulki sau biyu. Sai haraji, sai aikin dole wanda ba a soke shi ba sai 1946, sai yunwar 1931 da fara ta haddasa. Samari suka ji labarin cewa a yankin Ingilishi ana biyan ladan aiki da kuɗi a hannu, a gonakin koko, a ramukan zinariya na Obuasi da Tarkwa, a tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Suka riƙa fita bayan kaka, wasu da ƙafa, su dawo da bazara da turmin atamfa da kuɗin haraji da sadaki. Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch ya bi irin waɗannan matafiya da kyamararsa a tsakiyar shekarun 1950. Fim ɗinsa Jaguar labarin samari uku ne daga Nijar zuwa gaɓar teku, kuma a wani fim ɗin ya ɗauki ƴan ci-ranin Nijar suna hawan iskokin nan na sojan Bature a bayan garin Ankara. Har iskokinsu suka tafi da su ci-rani.

A can suka tarar da zango ya riga ya kafu. Sabon Zango na Ankara Malam Baƙo ne ya kafa shi a farkon shekarun 1910, a filin da ya samu daga hannun sarakunan Ga masu ƙasar, kuma mahaifinsa malami ne daga Katsina. Nima kuwa Malam Amadu Futa ne, Bafulatani mai harkar shanu, ya fara zama a cikinta a farkon shekarun 1930, da izinin wani gida na mutanen Osu. Sunan ma kowa da nasa bayani: mazauna sukan ce daga ni'ima ne, masu ƙasa su ce a harshen Ga yana nufin garin sarki. Ba'are bai ga baƙon abu a wannan tsari ba. Ƙasa ta masu ƙasa ce, baƙo ya roƙi wurin zama, ya naɗa nasa shugaba, kowa ya san iyakarsa. Abin da kakanninsa suka yi da Gubawa ke nan, sai dai wannan karon shi ne ya zo daga baya, kuma ba da doki ya zo ba, da gammo ya zo.

Yadda sabon zuwa ke shiga zango abu ne da ya kamata a tsaya a kalla da kyau, domin duk abin da ake biki a kansa yau daga nan ya tsiro. Yaro ya sauka daga babbar mota da dare, ƙafa ta kumbura, bai san kowa ba, bai jin ko kalma ɗaya ta mutanen gari. Fuskarsa ce takardarsa. Tsagar Arawa, layi biyu daga gefen baki zuwa kunne a kowane kunci, ana gane ta ko a hasken aci-bal-bal. Mai shayi ko mai gadi ya dube shi ya ce, "Kai ɗan'uwa, daga ina?" Ya ce daga Arewa. Da jin yadda ya ce "na taho" da "hura" da "tahiya", an san gidan da za a kai shi. Mai gida ya fito, ba ya tambayar kuɗi, sai ya tambayi sunan uba da na gari. "Sannu da hanya, ɗana. Shiga ka kwanta, da safe ma yi magana." A ba shi tabarma a ɗakin da mutum takwas ko goma ke kwana, da safe a ba shi koko, a haɗa shi da wanda zai nuna masa bakin kasuwa. Kuɗin da ya tara a hannun mai gida yake ajiyewa. In ɗan sanda ya kama shi, mai gida ne mai beli. In ciwo ya kwantar da shi, ƴan ɗaki ne masu jinya. In kuwa kwana ya ƙare, a haɗa kuɗin likkafani, a yi masa sutura, a ba wani mai komawa gida ɗan abin da ya bari da saƙon ta'aziyya ya kai wa tsohuwarsa.

Sarautun ƙabilu da ake gani ƙarƙashin laima daga wannan hidima suka fito. Turawan mulki a Kumasi da Ankara sun amince da shugabannin baƙi ne don su sami wanda za su riƙe in wani abu ya taso, su kuma baƙi suka riƙe su don suna bukatar mai tsaya musu. Sarkin Zango da sarakunan Mosawa da Yarbawa da sauransu aikinsu rabon faɗa ne da ɗaurin aure da gado da jana'iza. Ba'are sau da yawa bai da nasa sarki. Mutanen gari duk ɗan Nijar Zabarma suke ce masa, kamar yadda duk ɗan Mali ya zama Gawo a bakinsu, don haka wani lokaci ya fake a inuwar Zabarmawa, wani lokaci a ta Hausawa. Hausa kuwa ita ta zama harshen kowa a zango. Bamoshe da Bayarabe da Bakotokole in za su yi ciniki ko su yi faɗa, da ita suke yi.

Ba a ce zaman lafiya lau ne ba. An yi rigingimu kan limanci da sarautar zango tsakanin Hausawa da Yarbawa da sauran ƙabilu, wasu har gaban Bature. Amma rigima ce ta mutanen da masallaci ɗaya da maƙabarta ɗaya suka haɗa.

Sai 1969. Gwamnatin Kofi Busia ba ta cika wata biyu a kan mulki ba, tattalin arziki ya tsuke, aikin yi ya yi wuya, aka fara nuna baƙi da yatsa. Ran 18 ga Nuwamba aka fitar da doka: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama, an ba shi mako biyu ya samo ko ya fita. Mutanen da suka shigo tun kafin a san wani abu wai shi fasfo, waɗanda kakanninsu suka kawo goro da shanu, ina za su samo takarda cikin kwana goma sha huɗu? Aka sayar da gidaje da rumfuna da kekunan ɗinki a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba. Tashoshi suka cika, manyan motoci suka yi ta kwasar mutane zuwa bakin iyaka, mata da ƙananan yara suka kwana a fili. Yarbawa ne suka fi yawa a cikin waɗanda abin ya ci, amma ƴan Nijar da Mali da Haute-Volta (Burkina Faso ta yau) da Togo sun sha nasu. Akwai yaran da aka haifa a Kumasi, ba su taɓa ganin gero a gona ba, aka sauke su a garuruwan Dallol aka ce musu ga gida. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. A wannan shekara an nuna wa mutanen zango cewa shekara hamsin a wuri ba ta hana a kira mutum raɓa.

Har kasuwa ta ji a jikinta. Dakon kaya a Ankara, wanda ake kira kaya-kaya da kalmar Hausa, mazan Nijar da Mali ne suka fi yinsa. Bayan an kore su, sannu a hankali ƴan mata daga arewacin Gana suka gaji gammon, su ne ake kira kayayei a yau.

Abin bai tsaya a Gana ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi wa baƙi irin wannan kora daga Najeriya, ƴan Gana wajen miliyan ɗaya suka fita da kayansu a jakunkunan da har yau ake kira da sunansu, kuma ƴan Nijar da ke Ikko da sauran birane ba su tsira ba. An yi haka ne shekara huɗu kacal bayan ƙasashen ƙungiyar Afirka ta Yamma, CEDEAO, sun rattaba hannu a Dakar, a 1979, kan yarjejeniyar shige da fice ba tare da biza ba.

Duk da haka zango bai mutu ba. Wasu sun ɓuya har ƙura ta lafa, wasu sun koma bayan faɗuwar Busia a 1972, kuma ƴaƴan waɗanda suka zauna suka shiga makaranta, suka shiga soja da ƙwallo da siyasa. A shekarun 1990, zamanin Rawlings, Sallah ƙarama da babba suka zama ranakun hutu na ƙasa. A 2001 Aliu Mahama ya zama Musulmi na farko da ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙasa. A 2017 aka kafa ma'aikata mai ɗauke da sunan zango da asusun raya zanguna, ko da yake ma'aikatar ba ta wuce wa'adin farko na gwamnatin da ta kafa ta ba. A 2021 aka buɗe babban masallacin ƙasa a Kanda, daura da Nima, wanda Turkawa suka taimaka aka gina. Mohammed Kudus, wanda duniya ke kallo a filayen ƙwallon Turai, a lungunan Nima ya koyi taka leda. Abincin zango kuwa ya ci ƙasar da yaƙi ba tare da harbi ba: waakye da kowa ke layi a kansa da safe shinkafa da wake ne, tuo zaafi tuwon zafi ne, koko da ƙosai da fura sun shiga bakin wanda bai taɓa jin Hausa ba.

Hoton da ya fi zama a zukata shi ne na Ista ta 2019, lokacin da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya taka zuwa cocin Katolika na Christ the King a Ankara ya zauna cikin Kiristoci. An yi ta muhawara a kai, wasu suka yaba, wasu suka soka. Amma ga wanda ya san 1969, ganin dattijon zango ana tarbarsa a tsakiyar birni a matsayin uban ƙasa ba ƙaramin al'amari ba ne.

Saboda haka bikin da ake yi a titin Nima halas ne, an biya kuɗinsa da hawaye, kuma bai kamata wani ya raina shi ba. Sai dai akwai abu biyu da laima ke rufewa. Na farko, takarda ba ta daina cizo ba. Saurayin da aka haifi kakansa a Sabon Zango yakan je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo, a dubi sunansa a ce ya kawo ƙarin shaida, abin da ba a tambayar maƙwabcinsa. Bayan an naɗe laimomi, cunkoson ɗakuna da babban lambatun Nima suna nan inda aka bar su.

Na biyu ya fi wuyar gani. Bikin nuna bambancin ƙabilu ya bunƙasa ne daidai lokacin da bambancin ke narkewa. Tsagar da ta kai kaka gidan mai gida cikin dare, an daina yi wa yara ita, a can da nan gida duka. Jikan Ba'are a Nima in an tambaye shi yakan ce shi Bahaushe ne, ko ya ce ɗan zango ne kawai. Uwarsa Bakotokola ce, matarsa Badagwamba, Hausarsa irin ta Gana wadda ba ta raba namiji da mace. Ranar da ya zo Tibiri ganin dangi ya ce "Inna ya zo", tsofaffin gida su kama baki, su sa masa suna ɗan Gana, su zuba masa hura su yi ta tambayarsa labarin teku. Gubawa da Akazama da Samna Karhe, bai taɓa jin su ba. Ba laifinsa ba ne, kuma narkewar nan ita ce ta ba shi ƙasa. Amma rawanin da yake naɗawa ranar Sallah ya fi kusa da ado, alhali a kan kakansa nauyi ne: mai rawani shi ake tasa da tsakar dare in wani ya mutu ba dangi. Wannan nauyi ne ya riƙe baƙi shekara ɗari, kuma shi ya fi cancanta a yi wa kiɗa. In ƙungiyoyin ƴan gari da asusun jana'iza da adashin mata sun ci gaba da ɗaukarsa, kamar yadda da yawa ke yi yanzu ta rukunin WhatsApp, to laimar tana da sanda. Inda suka mutu, abin da ya rage kallo ne.

A gida ma ana gwada wannan hali ta wata fuska. Kasuwannin Arewa sun daɗe da sanin Bayarabiya mai kayan koli da Inyamuri mai kayan gyaran babur da magini daga Togo ko Benin, kuma Dogon Dutsi ta zauna da mishan na Katolika tun zamanin mulkin mallaka ba tare da an ga abin mamaki ba. Yanzu ƴan bindiga sun addabi bakin iyakar Doso da Sakkwato da Kabi, baƙuwar fuska ta zama abin tsoro, kuma makiyayin da ake wasan taubasantaka da shi jiya yakan shigo kasuwa yau ya ji idanu a bayansa. Tsoron yana da dalili, an kashe mutane, an kwashe dabbobi. Amma mutanen da aka taɓa lodawa a mota saboda laifin da ba su yi ba sun fi kowa sanin ɗacin a yi wa mutum hukunci da fuskarsa.

Hanyar ma ta sake tsukewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe iyakoki. Najeriya ta buɗe tata a Maris na 2024, amma gadar Gaya da Malanbil, a iyaka da Benin, ta daɗe a rufe, matafiya suka koma ƙetare Kwara da kwalekwale kamar zamanin fatake. Ran 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga CEDEAO, ƙungiyar kuma ta ce za ta ci gaba da karɓar takardunsu da barin mutanensu su yi zirga-zirga har sai an sake shawara. Dattawan da suka ga 1969 sun saurari wannan "har sai" da kunne biyu.

Ba abin da ya hana tafiya. Albasar Galmi tana bin babbar hanya ta Dogon Dutsi da Kore Mairuwa, ta kowace kafa da ta samu, har ta isa kasuwar Adjen Kotoku a bayan Ankara, inda aka mayar da ƴan albasa daga Agbogbloshie a 2021, kuma Hausa da Zabarmanci ne ke tashi a tsakanin buhunan. Da an gama ɗaurin damma an zuba hatsi a rumbu, samarin Tibiri da Dumega da Gesheme sukan taru a bakin kwalta a Kore Mairuwa da ƴan jakunkunansu, wasu Yamai, wasu Ikko, wasu Kwatano, wasu Abijan, wasu Ankara. Fuskokinsu sumul, ba tsaga. Kowanne yana da lambar wani a wayarsa, ya kuma rubuta ta a ƴar takarda ya soke a aljihu saboda caji kan ƙare a hanya. Uwa ta riƙe hannun ɗanta ta ce, "In ka sauka ka gaishe da mai gidanka, ka ce masa amana ce na ba shi." Yaron mota ya buga ƙarfe, direba ya tayar.